Shekarar da Muka Tafi Zaɓen Shugaba Muka Bar Riɗi a Gona

Ko zan manta da komai a duniyar nan, ban da zaɓen shugaban jam'iyyarmu na ƙasa, wanda na halarta a matsayin wakili daga Gwaram. Shekaru sun ja, gemu ya yi fari, amma har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in yi ta dariya ni kaɗai, daga baya kunya ta rufe ni.

A lokacin ina noma a Farin Dutse, cikin ƙasar Gwaram, yayana kuma yana gyaran babura a Birnin Kudu. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, jam'iyyarmu ɗaya, kuma kowannenmu an zaɓe shi wakili daga inda yake zaune. Mutum biyu ne suka fito neman kujerar, wani dogo mai farin gilashi da wani gajere mai tumbi. Ni ina bayan Dogo, Yaya yana bayan Gajere. Kada ka tambaye ni dalili mai nauyi. Motar Dogo ta taɓa tsayawa a Basirka ina wurin, ya miƙo mini hannu ta taga ya ce sannu da ƙoƙari. Daga ranar ba majalisar da ban faɗa wa cewa ya san ni ba. Shi kuwa Yaya, yadi aka taɓa ba shi mai hoton Gajere, ya ɗinka riga, shi ke nan ya zama ɗan gani-kashe-ni.

Wasa-wasa magana ta yi tsami, har muka yi wata huɗu ko sallama ba ta haɗa mu. A wani suna ma da aka ajiye mana kwano ɗaya, tashi na yi na koma wata tabarmar.

Ga shi gonar gadonmu ɗaya ce, kuma a daminar nan riɗi muka shuka tare. Satin da za a tafi babban taro ya zo daidai da nunarsa. Inna ta tara mu a tsakar gida ta ce, "Ganye ya yi rawaya. Kun san riɗi ba ya jira, in ba a yanke ba fashewa zai yi ya zube."

Na ce, "Inna, ƙasa ce ke kiranmu. Yaya ya zauna ya yanke."

Yaya bai ko dube ni ba ya ce, "Inna, ki gaya masa ƙuri'arsa ba ta fi tawa daraja ba."

Ta kalle mu ta ce, "To, Allah ya ba ƙasa lafiya."

Bas ɗaya muka shiga, shi a gaba ni a can baya. An ce kwana uku za a yi a babban birni, sai ga shi ana ta ɗage zaɓe, yau a ce gobe, gobe a ce jibi, har muka haura mako muna kwana a barandar wata makaranta. Rannan na hango Dogo zai shiga filin taro. Na janyo mutanenmu don su shaida, na kutsa ta tsakanin 'yan sanda na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne na Basirka, daga Gwaram!"

Ya yi murmushi ya ce, "Madalla, madalla. Ya mutanen Gwarzo?" Ya wuce abinsa. Ko ban juya ba na gane dariyar Yaya a cikin ta jama'a.

Ranar zaɓe muka yi layi tun hantsi, rana tana dafa mu, ga akwatuna a jere ba wanda ya jefa komai. Sai bayan la'asar lasifika ta yi kaki, aka ce manya sun zauna sun yi maslaha: Dogo da Gajere duk sun janye wa wani dattijo. Dattijon nan tun safe nake ganinsa a kan dandamali yana gyangyaɗi, na ɗauka mai addu'ar rufe taro ne. Aka ce waɗanda suka amince su ce eh. Kafin mu buɗe baki an ce an amince. Dogo da Gajere suka rungume juna suna ƙyaƙyata dariya. Wani wakili da ke kusa da ni ya ce, "Ai surukai ne, ɗan wannan ke auren 'yar wancan. Ba ku sani ba?"

Ina tsaye kamar an dasa ni, sai na ji an taɓa kafaɗata. Yaya ne, riƙe da dafaffen rogo a takarda. Ya ce, "Kai, ka ci wani abu yau?" Na ce a'a. Muka tsuguna a gindin katanga muka cinye, ba wanda ya iya haɗa ido da ɗan'uwansa.

Da muka dawo, gona muka fara zuwa. Riɗi ya fashe ya zube, tururuwa da kurciyoyi suna ta shagali. Ɗan abin da aka tsira da shi, Inna ce ta yanka da taimakon maƙwabta, da tsufanta da ciwon bayanta. Shekarar nan sai da muka sayar da awakinta muka sayi hatsi.

Ta tarbe mu a zaure ta ce, "Sannunku da ceto ƙasa. To, a cikinku wa ya ci?"

Muka ce wani ne daban.

Ta ce, "Ya sunansa?"

Na dubi Yaya, Yaya ya dube ni. Wallahi ba wanda ya riƙe sunan.

Ban bar siyasa ba, har gobe ina zuwa in jefa ƙuri'ata. Amma tun ranar na gane cewa faɗan manya na ɗan lokaci ne, gobe tare za ka gan su suna cin abinci. Duk wanda ya yanke zumunci ko ya saki sana'arsa saboda su, shi kaɗai zai kwana da yunwa, su ko labarinsa ba za su ji ba.