Tantin Saman Motar Baba

Ranar Asabar ta farko bayan Kirsimeti, a shekarar da nake aji biyar na firamare, ina tsugune a tsakar gidanmu na Zuru ina kankare tukunyar tuwo sai na ji ƙugin motar Baba, na kuma ji reshen mangwaron ƙofar gida ya karye. Ina ɗaga kai sai ga tsohuwar motarmu mai ruwan toka ta shigo ɗauke da wani shimfiɗaɗɗen ƙarfe a kanta, yana ta warin walda, ganyen mangwaro duk ya maƙale a jikinsa. Awaki suka watse, Mama ta fito daga madafi da muciya a hannu. Baba ya sauko yana wani murmushi da ban saba gani a fuskarsa ba, ya bubbuga ƙarfen ya ce, "Rahila, zo ki ga daɓen ɗakinmu."

Baba tsohon soja ne, kowa a unguwa Saja yake kiransa. A wata ƙasar da aka tura su aikin kwantar da tarzoma ya ga wasu matafiya da ke kwana a tanti a saman motarsu, abin ya zauna masa a rai har ya bar aiki ya dawo gida. Ya ce shi ma zai haɗa nasa, idan an ba da hutun Ista mu kama hanya, mu ga kogi a Yawuri, mu haye gadar Jebba, mu dangana da teku a Legas, duk inda rana ta faɗi mu buɗe ɗakinmu. Mama tana goyon ƙanena a lokacin, ba ta cikin lissafin tafiya. Ni ce babba, ni kaɗai ce na yi wayo, saboda haka tafiyar ta zama tawa da Baba. Da bakinsa ya faɗa, a gaban Mama.

Wata uku muka yi muna aikin nan. Kullum in na taso daga makaranta sai na ɗebo ruwa a burtsatse, na yi surfen dawa, na share garken awaki, sannan na ruga gindin mangwaro inda motar take. Baba ya nuna mini cewa rufin mota ba ya ɗaukar nauyi a tsakiyarsa, lotsawa zai yi, shi ya sa ƙafafun kariyar, wato ƙarfen nan da aka waldo, guda shida suka zauna a kan ɗan kwararon ruwan da ke gefen rufin, inda ƙarfen ya fi ƙwari. Ni nake riƙe sifana ta ƙasa yana ɗaure noti ta sama. Kafinta ya yanko katako biyu da ke buɗewa kamar littafi, rabi a kan mota, rabi ya zarce waje ya tsaya a kan tsani. Kafin wani ya hau, Baba ya sa aka loda buhunan dawa uku, ya tuƙa motar ya bi hanyar Ribah mai gargada ya dawo, ya bi notunan ɗaya bayan ɗaya yana taɓawa. Biyu sun kwance. Ya sake ɗaure su, ya ce, "Abin da za ka kwana a kai, ba a yi masa sauri."

Ɗinkin tamfol ɗin kuwa ni aka bar wa, don keken ɗinkin Mama ya karya allura biyu ya ƙi ci. Da basilla na yi shi, da zare mai kauri irin na masu gyaran takalma. Ƙawayena suna can bakin rariya suna carafke da 'yar gala-gala, ina jiyo ihunsu, ni kuwa ina zaune a kan tabarma ina tura basilla da gindin cokali. Yatsuna suka yi kanta, babban yatsana na dama ya kumbura har na kasa riƙe biro a aji, malaminmu ya zane ni a kan rubutun da ya karkace. Ban damu ba. Na ɗinka taga biyu na liƙa musu tsohon gidan sauro, na bi kowane layin ɗinki na goga masa kyandir don kada ruwa ya bi ramin allura. A makaranta har suna aka sa mini, wai 'yar gidan sama, yaran suna cewa Saja ya haukace, zai kwana inda kaji ke kwana. Ni dai nakan ce musu, "Ku jira in dawo daga teku."

Ranar da muka buɗe tantin karon farko, da la'asar ne. Sandunan ƙarfen da ke riƙe tantin suka miƙe, tamfol ya ɗame, na hau tsani na kwanta a kan katifa. Ta tagar da na ɗinka da hannuna na hango tsaunuka, da gonarmu da aka fara sharewa, da rufin cocinmu, da matan maƙwabta suna shanya barkono. Ban taɓa sanin garinmu yana da faɗi haka ba.

Ana saura kwana biyu mu tashi sai Baba Audu ya zo. Shi ne wan Baba, shi ya riƙe masa gona duk shekarun da yake aikin soja, kuma ban taɓa jin Baba ya musa masa magana ba. Ya zagaya motar, ya girgiza tsanin, ya yaba aikin. Da ya ji da wa za a yi tafiyar sai fuskarsa ta canja, ya juya harshe zuwa C'lela, yadda manya suke yi in maganar ta yi nauyi, kamar ba yarenmu ba ne mu ma. Ya ce 'ya mace ba ta kwana a bakin titi cikin direbobin tirela, ya ce wa zai taimaki mai goyo, ya ce ga ɗansa Yohanna nan, sa'ana, namiji, shi ya kamata ya ga duniya. Ina bayan rumbu da tsintsiya a hannu, ina jira in ji Baba ya ce ai Rahila ce ta ɗinka. Abin da na ji kawai shi ne, "To, Yaya."

Da safiyar tafiyar Mama ta sa ni na ɗaure musu soyayyiyar gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Jakata da na shirya tun mako guda tana ƙarƙashin gado. Baba ya dafa kaina ya ce baɗi tawa ce, bai kalli idona ba. Yohanna ya zauna a gaba yana ɗaga mini hannu. Ban yi kuka a gabansu ba, sai da na je burtsatse, ina buga ruwa ina yi, matan da ke layi suka ɗauka zufa ce.

Kwana shida suka yi suka dawo, ba su wuce Jebba ba. Yohanna da kansa ya gaya mini, yana dariya, cewa tsoron tsanin ya ji, ko sau ɗaya bai hau ba, a kujerar baya ya riƙa kwana yana kukan a mai da shi gida. Baba ya kawo mini ruwan kogi a cikin gorar roba. Na karɓa na yi godiya, na zagaya na juye wa awaki.

Baɗin ba ta zo ba. Injin motar ya buga kafin damina ta ƙare, aka jingine ta a kan duwatsu, kaji suka mai da ita wurin ƙwai. Tamfol ɗin kuwa, Baba Audu ya aika aka kwance shi, ya rufe masararsa da shi har ya ruɓe. Bayan shekaru, ina aikin jinya, Baba ya tsufa yana kwance ina auna masa jini, na yi ƙarfin hali na tuna masa. Ya dube ni ya ce, "Au, ashe ke ma kin so zuwa?" Ba wasa yake yi ba. Ya manta ne.

Yanzu ina da motata, ina da 'ya'ya mata biyu, babu kuma wanda zai hana ni ɗaukarsu. Sai dai hanyoyin da a da mutum zai tsaya gindin ɗorawa ya kwana lafiya, yau saboda 'yan bindiga ko da rana tsaka sai an tambayi labari kafin a nufi Bena ko Wasagu, direba ba ya yarda ya tsaya ko da fasinja zai yi fitsari. A lokacin hanya a buɗe take aka ce ni ce ban dace ba, yanzu da na isa da kaina hanyar ce ta rufe. Baba ya rasu ban ce masa na yafe ba, shi ma bai san akwai abin da zan yafe ba.