Ranar da Na Ce Mijina ke Ciyar da Ni

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da na tsaya a ofishin mai makarantarmu na yanke wa kaina hanyar abinci da bakina ba.

Makarantar kuɗi ce a Arkilla. Rana ɗaya aka ɗauke mu koyarwa, ni da wani malami, takardunmu iri ɗaya, albashinmu ɗaya. A shekara ta huɗu matarsa ta haihu, ni ma na haihu a watan. Shi ranar suna kawai ya yi fashi. Ni kuwa sai da na yi arba'in.

Ina dawowa na tarar an ƙara masa albashi, nawa kuma an zaftare, wai ladan wadda ta riƙe mini aji. Raina ya ɓaci matuƙa. Lokacin wata biyar ke nan maigidana yana kwance, tun da mota ta murƙushe keken da yake haya da shi a Gidan Igwai, ta karya masa ƙugu. Hatsi, magani, kuɗin haya, duk a wuyana suke. Ba wanda ya sani a makarantar, domin ya roƙe ni har da hawaye kada in bari duniya ta ji mace ke ciyar da shi.

Na shiga wurin mai makarantar, na gaishe shi, na ce, "Alhaji, mi na yi? Aikinmu guda da Malam."

Ya yi dariya. "Haba Malama! Shi magidanci ne, nauyi ya ƙaru mai. Ke naki albashi ai na anko da lalle ne. Ba mijinki ka ciyar da ke ba?"

Wallahi gaskiya ta zo har bakina. Sai na tuna fuskar bawan Allahn nan a kan tabarma. Na sadda kai ƙasa na ce, "Shi ne, Alhaji."

"To kin gani!" in ji shi. Ya ci gaba da rubutunsa.

Yau shekara bakwai. Malamin ya zama shugaban makaranta, ni ina ajin da nake. Maigidana bai sake tuƙi ba, bai kuma san abin da aka yi a ofishin nan ba.

Abin da na koya mai ɗaci ne. In namiji ya samu ƙaruwa, a wurin aiki sai a ga bakin da zai ciyar. In mace ce, sai a ga ranakun da za ta yi fashi. Na rufa wa mijina asiri, kuma ba na nadama. Amma ni har yau ban ga mai rufa mini nawa ba.