Addar da Ke Rataye a Ɗakin Matse Rake

Kafin motar baƙi ta farko ta hawo tudu, Madam Léocadie ta riga ta buɗe tagogin ɗan gidan tarihin giyar rake da ke bayan garinmu, a nan Martinik. Takan goge tukwanen tagulla ɗaya bayan ɗaya, ta kore ƙadangarun da ke kan ganguna, sannan ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Da shara ta fara, da aka ga bakinta ya iya labari aka ba ta zagayawa da baƙi. Ranar Juma'a za ta ajiye aiki.

A ɗakin tsohon injin matse rake, inda gumagumai uku na ƙarfe suka yi ta juyi a zamanin bauta, akwai wata adda rataye a bango. Allon da ke ƙarƙashinta ya ce ta saran rake ce. Léocadie ba ta taɓa yarda ba. Kakarta ta faɗa mata yadda ita ma ta ji: idan gyangyaɗi ya ɗauki baiwar da ke cusa rake, ƙarfe ya kama yatsunta, ba a tsayar da inji. Hannun ake sarewa, aiki ya ci gaba. Haka take gaya wa baƙi, ba ƙari, kafin ta kai su ɗakin ɗanɗana giya.

Shekara biyu da suka wuce aka kawo sabon manaja. Ya kira ta ofis.

"Madam, hutu mutanen nan suka zo. Kina sa su fita ko kofin giya ba su taɓa ba. Ki karanta abin da ke allo kawai, ko ki koma tsintsiya."

Washegari Théodule, direban motar baƙi, yana wurin. Shi ya ba mu labari cewa ta karanta allon tsaf, sannan ta dubi jama'a ta ce, "Rake dai a sare yake zuwa ɗakin nan daga gona. To me adda take jira?" Wani dattijo da rana ta ƙone wa wuya ya dubi addar, ya dubi gumaguman, sai ya cusa hannunsa cikin aljihu. Ran Litinin aka miƙa mata tsintsiya.

"Madam, ashe ƙarin girma aka yi miki ba labari?" in ji Théodule.

"Kai dai ka koyi taka birki, ɗan nan, ka bar tsintsiya da masu ita."

Amma shi ne tun daga ranar yake raɗa wa fasinjojinsa cewa in sun shiga, su tambayi mai shara.

Ƙanwarta ta kira abin wauta: matattu ba sa jin yunwa, ita kuwa ta ja wa kanta ƙasƙanci gab da tsufa. Maganar ba ta rasa gaskiya ba. Ga kuma wadda ta fi ta nauyi. Gandun raken da ya ci hannuwan kakanni shi ya ciyar da 'ya'yan Léocadie uku. Ya dace mutum ya ci abincin gida, kuma ya tona asirin gidan? Ko shirun ne zai ɓata abincin? Wasunmu har yau muna juya wannan, ba mu ga ƙarshensa ba. Ita ba ta jira amsa ba.

Ke ce, Léocadie, wadda ba ta zagi kowa ba, ba ta hana baƙo kofinsa ba. Kin dai ƙi barin mutum ya wuce matan nan da aka sare wa hannu yana dariya bai san da su ba. Uwar marasa suna, mun gode.

Allon yana nan yadda yake. Jiya Mirella, wadda ta gaje ta a aikin zagayawa da baƙin, ta same ta tana shara, ta ce, "Tanti, ina so in faɗa wa baƙi gaskiyar addar, amma ina da goyo. Tsoro nake ji."

"Ki ji abinki, 'yata, ni ma na ji. Ba sai kin ce komai ba. In kun zo wurin addar, ki tsaya, kada ki yi sauri."

Wanda ba zai iya abin da Léocadie ta yi ba, wannan dai bai fi ƙarfinsa ba.