Sandar Awo

Ranar wata Laraba cikin damina, shekarar da na shiga aji huɗu, Baba ya dawo daga fadamarmu ta bakin rafi, can wajen Falgore, idanunsa jajir kamar gauta. Inna ta ce afolo ne, ta hana mu haɗa ido da shi. Aka ɗiga ruwan sukari, aka rambaɗa kwalli, aka sayo maganin ɗigawa a kasuwar Doguwa. Jan ya lafa ya dawo, ga ƙaiƙayin jiki, kullum yana susa har fatar ƙwaurinsa ta yi dabbare-dabbare. Afolo mako guda yake yi, wannan kuwa ya cinye damina biyu. Nan zargi ya shigo gidanmu. Inna ta ɗora abin a kan maƙwabcinmu da suka taɓa rigimar iyakar gona da Baba, ta daina karɓar ko gishiri daga gidansa, ni ma aka raba ni da 'yarsa, abokiyar carafkena.

Wata safiya ina ɓarar gyaɗa a tsakar gida, wani ma'aikacin lafiya ya yi sallama, riƙe da doguwar sanda mai zane-zane. Ya buɗe idon Baba ya duba, ya ce, "Malam, wannan ba afolo ba ne. Ƙananan tsutsotsi ne, cizon ƙudan bakin rafi ke kawo su. In aka bari, makanta ce." Tsutsa a ido! Inna ta taɓe baki. Da ya ce maganin kyauta ne, sai Baba ma ya fara yi masa kallon tuhuma. Ma'aikacin ya ƙara da cewa da tsayin mutum ake sanin ƙwaya nawa zai sha, ya ce wa Baba ya jingina da sandar a auna shi.

Ni kuwa uwar surutu, ba wanda ya tambaye ni, na ce, "Baba, haka aka auna Kaka da kara ranar da za a haƙa kabarinta." Baba ya ja da baya, ya ce, "Ba a auna mai rai a gidana." Sai bayan shekara uku ya yarda ya sha maganin, lokacin nan ko fuskata ba ya ganewa sai na yi magana.

Yanzu yaran garinmu layi suke yi a gaban sandar, suna ɗage don su ƙara tsawo, iyayensu na dariya. Baba yana zaune a zaure yana jin hayaniyarsu. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, ni ce na kasa yafe wa bakina.