Makullin Ɗaki na Sha Huɗu

Ranar da har gobe in na tuna sai na yi tsaki ita ce wata Talata cikin watan Mayu, da sabon shef ɗinmu, wato shugaban ofishinmu, ya ce sai ya bi ɗakunan ɗalibai ɗaya bayan ɗaya da ƙafarsa. Ku da kuka kama aiki bayan na yi ritaya kun sha jin labarin a bakin masu gadi, kowa da gishirin da yake ƙara masa. To ni ne nake rungume da rajista ran nan, don haka ku ji shi daga bakina.

Shekara ashirin da 'yan kai na yi a ofishin kula da gidan kwanan ɗalibai na wata babbar makaranta a nan Garwa, wurin da kowa ke kira site. 'Yan'uwana duk 'yan kasuwa ne tun daga kakanmu. Ni kaɗai na ɓuge da aikin biro, har yau suna min ba'a wai na bar ciniki na koma gadin katifu. Aikina rajista ne, kuma ƙa'idarta ba ta da wuya. Ɗalibi ya ajiye takardunsa ya shiga layi. In ɗaki ya samu, in ba shi makulli da kati mai lambar ɗakin. Kowace shekara ya kawo katin in buga masa hatimi. Ranar da ya gama karatu ya dawo da makulli, ya cika takardar mayarwa ya sa hannu, sannan in ja layi a kan sunansa. Muddin ba a cika takardar nan ba, ba ni da ikon taɓa sunan. Katin kuma ba shi da hoto.

Ɗalibai kuwa ba wawaye ba ne. Kowane yanki yana da ƙungiyarsa da suke kira amikal: 'yan Kaele da tasu, 'yan Bibemi da tasu, 'yan Kuseri da tasu. Ranar Lahadi ka tarar da su gungu-gungu ƙarƙashin dogon yaro, tukunya ɗaya, tawagar ƙwallo ɗaya, rigima ɗaya. A wurinsu ɗaki gado ne. Wanda ya gama karatu ba ya leƙo ofishina. Sai a haɗa masa liyafa da shayi da soyayyen kifi, ya tashi a gaban jama'a ya damƙa wa ƙaninsa na gari makulli da kati, a tafa. Magajin ya gaji katifa da bokiti da risho, ya gaji har da sunan da ke jikin katin.

Kada ku tambaye ni ko na sani. Na sani mana! Bana in buga wa dogo baƙi hatimi, baɗi gajere fari ya kawo min kati mai suna ɗaya, yana kallona ido cikin ido. Sau huɗu ina rubuta wa manya cewa a sa hoto a jikin kati. Amsar da nake samu kullum ita ce an gani. Daga baya na gaji na yi shiru, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in kwanon gyara ba a hannunsa yake ba sai dai ya tara bokiti.

Ana nan sai aka naɗo mana sabon shef, Dakta Hamadu Buba, mutumin Bibemi. Yana shigowa na gane shi. Ni da hannuna na ba shi makullin ɗaki na sha huɗu sa'ad da ya zo ɗalibi, siriri da jaka ɗaya. Yanzu ga shi ya dawo da kwat da laktaye cikin zafin Garwa, bayan shekara tara da barin site. A taron farko ya buga tebur ya ce zamanin sakaci ya wuce. Za a yi kontirol, wato binciken ɗakuna, kuma duk wanda aka samu yana zaune da sunan wani, kwana biyu za a ba shi ya kwashe kayansa.

Ni kuwa na san sunan da ke rubuce a layi na sha huɗu. Bayan taro na bi shi ofis na ce, "Ranka ya daɗe, akwai wata magana a kan rajista, tun lokacin da kake ɗalibi a nan…"

Ya ɗaga min hannu. "Malam Sani, ban zo nan tuna baya ba. Abin da ya wuce ya wuce."

Washegari na ɗauki rajistar da kaina na ajiye masa a tebur, na sa tsinken ashana a shafin. Da yamma ya dawo min da ita, tsinken na nan inda na sa shi. Ranar Litinin na sake gwadawa a bakin mota, ya ce in dai ina neman rufa wa wani asiri ne to in sani ni ma ana kallona. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, to shi ke nan, wanda bai ji bari ba, zai ji hoho.

Sai dai hohon ba a kansa zai fara sauka ba. Wanda ke zaune a ɗakin a lokacin wani ɗalibi ne, Bukar Mala, ɗan ajin ƙarshe, mutumin Kolofata. Shekarun tashin hankalin kan iyaka ne, iyayensa sun watse, gidansu ba kowa. Ya zo Garwa bai san kowa ba, ba shi da amikal mai ƙarfi. Wani ɗan Bibemi ya gan shi yana kwana a masallacin makaranta, ya ja shi ɗakinsa ya raɓe. Da ɗan Bibemin ya gama karatu sai ya bar masa makulli, duk da surutun 'yan garinsu. Ranar kontirol saura sati uku Bukar ya zauna jarrabawar fita. In aka kore shi, ba shi da inda zai ajiye littafi, balle haƙarƙari.

Ƙarfe tara na safe muka fara, ni da shef da mai gadi ɗaya. Ni ke kiran suna, shi ke yin tambaya. Labari ya riga mu isa, kowa ya sha haddarsa. Ɗaki sha uku muka wuce shef bai kama ko mutum ɗaya ba, alhali ni na san biyar daga ciki ba su ne masu sunan ba. Sai gumi yake yana ƙara hasala. Muka tsaya a ƙofar sha huɗu. Bukar ya fito da kati a hannu ya rusuna. Na kalli shafin, na kalli shef, na karanta a hankali.

"Hamadu Buba."

Shef ya juyo ya ce, "Mene ne?"

A daidai lokacin Bukar ya ce, "Ni ne."

Allah ya sani, yaron ya san shef da sunan Dakta kawai, kamar sauran ɗalibai. Shef ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Kai ne Hamadu Buba?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Haifaffen ina?"

"Bibemi."

"Sunan mahaifiyarka?"

Bukar ya faɗa tiryan-tiryan, har da unguwa da ranar haihuwa, ba gargada. Sunan mahaifiyar shef ne ya ambata a tsakar baranda, ɗalibai na leƙe ta kowace taga. Shef ya juya harshe ya tambaye shi da Fillanci ko yana jin yaren. Bukar ya ce, "Seɗɗa seɗɗa," wato kaɗan-kaɗan, da wata murya ta Barebari wadda ko kurma zai gane. Wani ya fashe da dariya a ɗakin kusa, mai gadi ya koma tari.

Shef ya kutsa ɗakin ya ce wa ya koya masa wannan. Bukar ya ga ba mafita, ya buɗe ƙyauren kabad. A ciki an liƙa wata takarda da ta yi jawur don tsufa, an bi gefenta da salatif sau ba adadi. An rubuta suna da gari da sunan uwa da uba, a ƙasa kuma an ce duk wanda ya gaji ɗakin nan ya haddace wannan kafin kontirol. Na san rubutun, don kullum ina ganinsa a kan takardun da ake turo min daga ofishin shef. Shi ma ya daɗe yana kallonsa. Mutum huɗu suka gaji ɗakin a bayansa, kowa ya haddace.

Ni na ɗauka kunya za ta sa ya yi dariya a wuce wurin. Ina! Kunyar ce ma ta tunzura shi. Ya fito ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Kwana biyu. Malam Sani, ka kawo min takardar kora kafin azahar."

Na koma ofis na zauna gaban keken rubutu ina huci. A nan ne ya kamata ku ƙanana ku buɗe kunne. Takardar kora tana da layi biyu. Na farko sunan wanda aka samu a ɗaki, na biyu sunan mai ɗakin da ya ba da makullinsa ba bisa ƙa'ida ba. Shi na biyun ake kira gaban kwamitin ladabtarwa, kuma kofin takardar yana tafiya ofishin darakta. Ban ƙara komai ba, ban rage ba. Na buga Bukar Mala a sama, Hamadu Buba a ƙasa, na kai masa.

Ya karanta ya ce, "Wasa kake da ni?"

Na ce, "Wane ni, ranka ya daɗe. Abin da ke rajista na kwafa."

"Ka bar layin nan fari."

"In na bar shi fari, ofishin darakta za su dawo da ita su tambayi ɗakin wa. Sai in aika musu da rajista."

"To ka sa sunan wanda ya ba shi makullin."

"Shi ma a wurina Hamadu Buba ne. Dukkansu huɗun haka na buga musu hatimi. Ni mutum ɗaya na taɓa ba makullin sha huɗu, kuma har yau bai dawo min da shi ba."

Ya ce ni ne na lalata site da sakacina. Na ce ban musa ba, da nawa laifin a ciki, amma ga kofin wasiƙuna huɗu a kan maganar hoto, in yana so a haɗa su da takardar. Ya miƙe, ya zauna, ya kwance laktaye. Sannan ya ce a hankali, "Lokacin ƙanin babana ne ya roƙe ni saboda ɗansa. Ban san abin zai yi nisa haka ba."

Na ce, "Ba wanda ya taɓa sani."

"Yanzu mene ne mafita?"

Na zaro takardar mayar da makulli, wadda tun safe take ninke a aljihuna, na shimfiɗa masa. Na aika aka kira Bukar da makullin. Ya miƙa wa shef, shef ya miƙo min, ya cika takardar ya sa hannu a wurin da aka rubuta ɗalibi, yana ta haɗe rai. Na ja layi a kan sunansa, bayan shekara tara. Ɗaki ya zama ba kowa, kuma shef yana da ikon ba da ɗaki ga ɗalibin da ke cikin matsi ba tare da bin layi ba. Ya sa hannu a wannan ma, bai ɗaga kai ya dube mu ba.

Kontirol dai daga sha huɗu bai ƙara gaba ba. Aka liƙa sanarwa cewa an ba kowa wata ɗaya ya zo ya gyara sunansa. Ni kuma a rahoton ƙarshen shekara aka rubuta cewa ina da taurin kai, ƙarin girmana ya makara shekara guda. Hoton kati kuwa sai da na yi ritaya aka fara sawa, wani ma aka yaba wa a kan dabarar.

Amma ba wannan ya fi tsaya min a rai ba. Da muka fito daga wurin shef na zaunar da Bukar a bencin ofishina, na buɗe sabon layi na ce, "Sunanka?" Ya buɗe baki ya ce, "Hama…" sai ya tsaya, ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Bukar Mala." Na rubuta. Na tambayi garin haihuwa, ya ce Kolofata. Na zo layin ƙarshe na ce, "Adireshin gida, inda za a neme ka in wani abu ya taso?"

Ya ce, "Baba Sani, rubuta ɗaki na sha huɗu. Ba ni da wani."

Ƙa'ida ta hana a sa lambar ɗaki a wannan layin, kuma ni ne mutumin da ya gama yi wa shef wa'azin ƙa'ida. Na rubuta masa yadda ya ce.

Shekara da shekaru ina tsakin ɗalibai da gadon ɗakinsu, kuma har yau ina ganin ɓarna ce, don tana danne wanda ya bi layi. Amma ku da ke riƙe da rajista yanzu, kafin ku buga wa ɗalibi takardar kora, ku fara yi masa tambayar layin ƙarshen nan, ku ji amsarsa.