Ƙararrawar Habila Tela

Habila tela bai taɓa neman muƙami ba a rayuwarsa. Ɗan Wusasa ne, ya koyi ɗinki wurin kawunsa, ya shekara ashirin yana aikin surfani a Zariya kafin Allah ya jefo shi Dubai. A unguwar Satwa yake, cikin wani shago mai faɗin tabarma biyu, shi da 'yan Pakistan uku. Alhazan Kano masu zuwa saro kaya su kawo masa shadda daga kasuwar Sabkha, su ce jibi za su tashi, ya ce inshallah, kuma abin mamaki jibin nan su sami kayansu a goge. Kwana kuwa sai unguwar Hor Al Anz, gadon sama, su shida a ɗaki.

Wanda ya kawo shi ƙasar shi ne Dattijo Ishaya, shugaban zumuntar Kiristoci 'yan Arewa. Shi ya nemo masa biza, shi ya tarbo shi a filin jirgi, matarsa Mama Saratu ta ciyar da shi wata biyu cur. Saboda haka Habila ba ya kiransa komai sai Baba, in suna magana kuma idonsa na ƙasa.

Dattijo mutumin kirki ne, kada in ɗauki alhakinsa, amma Allah ya jarrabe shi da makirufo. Tun da ya halarci wani taron kwana uku kan shugabanci a otal, ya dawo da takardar shaida mai ruwan zinariya, zumunta ta shiga uku. Gaisuwa kaɗai minti ashirin. Sanarwa ta koma wa'azi, wa'azi ya koma lacca, kowace lacca da ginshiƙai bakwai, kowane ginshiƙi da 'ya'yansa. "Shugaba bawa ne," in ji shi, daga kan kujera mai hannu wadda sai ƙarti biyu sun ɗauko masa.

Matsalar ita ce ɗakin sujadar ba nasu ba ne. A harabar cocin kowace al'umma da lokacinta, kamar layin famfo. Hausawa ƙarfe biyu zuwa uku da rabi ranar Lahadi, daga nan 'yan Filifin su shiga da gitocinsu. A gida wa yake duba lokaci a coci? Sai ciki ya yi kuka a tashi. Nan kuwa sau biyu mai kula da harabar, wani ɗan Indiya da ba ya dariya, yana kawo takardar gargaɗi. A na uku da bakinsa ya faɗa: a ƙara minti ɗaya, khalas, shi ke nan, ɗaki ya koma hannun wasu, ga ƙungiyoyi nan birjik suna jira.

Dattijo ya ce wannan aikin shugabanci ne. Ya kafa kwamiti, kwamiti ya naɗa Habila Daraktan Kula da Lokaci, aka miƙa masa 'yar ƙararrawar tagulla a gaban jama'a, har da ɗora hannu.

"Ko ni ne, ɗana, ka kaɗa," in ji Dattijo. "Ba sani ba sabo."

Aka ce amin da ƙarfi. Kowa kuma ya gane cewa da mawaƙa ake, da matan zumunta masu dogon bayanin anko.

Lahadi ta zo, Dattijo ya miƙe da jawabi kan rayuwa mai manufa. Uku da kwata yana ginshiƙi na uku. Ta gilashin ƙofa Habila yana hango 'yan Filifin sun jeru, ɗan Indiyar nan a gabansu ya harɗe hannu. Gumi ya jiƙa masa riga duk da sanyin na'ura. Wallahi tsoro ya ji, da kunya. Yaya mutum zai katse wanda ya ci tuwon gidansa? Sai ya waiwaya ya ga matan da ke layin baya, masu aikatau a gidajen mutane, waɗanda wannan yammacin kaɗai ake sakinsu a mako, su hau bas biyu don su ji an kira sunan Yesu da harshen da aka yi musu goyo da shi. In ɗakin nan ya tafi, ba su da wani.

Uku da minti ashirin da biyar ya kaɗa, a hankali.

"Na ji, ɗana, saura ƙiris," in ji Dattijo yana murmushi. Aka yi dariya. "Ginshiƙi na huɗu..."

Habila ya miƙe. Ya ce a ransa, Ubangiji, kai ka ga abin da aka ɗora mini. Ya kaɗa, ya ci gaba da kaɗawa, yana tafiya gaba, hawaye na zuba, ƙararrawa ba ta yi shiru ba har ya tsaya dab da Dattijo. Dattijo ya ɗaga murya, ƙararrawa ta fi shi. Can sai wata murya ta ɗauko waƙar rufewa, kuma kowa ya san muryar Mama Saratu ce. Mata suka amshe, aka miƙe, aka yi addu'ar da ba a taɓa yin gajeruwa irinta ba. Saura minti ɗaya ɗaki ya zama fayau.

Kwamiti ya zauna awa huɗu a falon Dattijo, ya gano cewa Habila ba shi da tarbiyyar shugabanci. Aka tuɓe shi. Ƙararrawa kuma Dattijo ya ce daga yau shi zai riƙe ta da kansa.

Ɗaki dai yana nan a hannunsu. Yanzu uku da minti ashirin Dattijo ya rufe baki, har ya ƙara ginshiƙi na takwas, kiyaye lokaci, yana ba da misali da kansa. Amma wata huɗu ke nan bai amsa gaisuwar Habila ba, abin kuma yana cin Habila ƙwarai, don har gobe yana son mutumin nan kamar uban da ya haife shi. Duk Lahadi a bakin ƙofa sai ya rusuna ya ce, "Baba, ina wuni?" Baba ya ɗaga hannun riga ya duba agogo, ya wuce.