Hoton Goggo da Ƙwarya a Hannu

Kamarata irin mai fitar da hoto nan take ce. Ka danna, takarda ta fito fara fat, ka riƙe ta a inuwa, fuskar mutum ta riƙa bayyana a hankali. Guda ɗaya take bayarwa, babu na biyu. Takardar kuma sai an aiko mini daga Yamai, shi ya sa ba na dannawa sai na daɗe ina kallo.

Wata shekara da gero ya yi kyau na je Dogon Kiriya wajen Goggo, ƙanwar mahaifina. Ta dama wa baƙi fura suka shanye tas, ta tsaya bakin danga da ƙwaryar a hannu, rana ta sa ta ƙanƙance ido, hasken la'asar ya kwanta a kumatunta. Na danna. Har yau ban ɗauki hoton da ya kai shi ba.

Wani mai shirya baje kolin hotuna a Yamai ya zo Dogon Dutsi, aka kawo shi gidana. Da ya ga na Goggo ya kira ni yadda ake kiran malaman makaranta a wajenmu, ya ce, "Mushe, wannan bai kamata ya tsufa a akwati ba. Ara mini, jama'a su gani, in maido."

Na kira Goggo a waya. Ta yi dariya ta ce, "In dai za su ga sabon zanena, a kai."

Damina ta zagayo, hoto bai dawo ba. Wata rana a lakwal ɗin da nake koyarwa, abokin aikina ya miƙo mini wayarsa. Hoton Goggo ne a ciki. An cire launi, an yanke rumbunan da ke bayanta, an rubuta da Faransanci wai ga tsohuwar da yunwa ta bari da ƙwarya wayam, a taimaka.

Na shiga mota sai Yamai, na sami mai baje kolin a ofishinsa.

"Wa ya ce maka tana jin yunwa?"

"Haba Mushe, ai mutanenku muke nema wa taimako. Hoto kuma kowa da yadda yake karanta shi."

"To me ya sa ka yanke rumbunan?"

Ya ɓamɓaro hoton daga jikin taga, inda ya liƙa shi rana tana dukansa. Shuɗin zanen ya koma toka, rabin fuskar ya tafi. Ya miƙo mini da hannun hagu, yana duba wayarsa.

Kafin in kai Dogon Kiriya labari ya riga ni. Mata a bakin rijiya suna tambayar Goggo ko taimakon ya iso. Na same ta zaune, ta ƙi ko kallon hoton.

"Ni? Ni da ban taɓa miƙa wa kowa hannu ba?" Ta miƙe ta sa aka ciro damin gero mafi girma. "Ka aika mai. Ka ce in ji tsohuwar. Wanda ya ci da huskata, shi ad da yunwa."

Da kaina na ɗaure damin a saman motar Yamai, na yi wa direba kwatancen ofishin. Direban ya ce ya ajiye shi a bakin ƙofa, ya faɗi saƙon da ƙarfi a gaban ma'aikata. Mutumin bai fito ba, bai kuma kira ni ba.